Ranar da Na Kai Yaya Hanyar Burji

Ni na ja Yaya zuwa daji, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Mutum yana zaune lafiya a rumfarsa ta zare a Ƙofar Wambai, shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa neman wani abu wai shi motsa jiki ba, ni ne na bi na ishe shi da zancen keke har ya gaji ya ce to. Ga shi yana da ciwon suga, ga shi ya ba sittin baya. Da abin da ya tashi faruwa ran nan ya faru, ban san da wace fuska zan ƙara shiga gidanmu na Mandawari ba.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare. Keke kuma tsadar mai ce ta haɗa ni da shi, ba sha'awa ba. Na ajiye tsohuwar motata, na sayi wani na gwanjo mai kaurin taya da giya barkatai, na riƙa zuwa aiki a kai. Wata biyu na yi ina faɗa da masu adaidaita sahu, kullum sai na isa aji raina a ɓace, yara su sha abin da ba su suka jawo ba. Sai wani abokin aikina da ya riga ni shiga harkar ya dubi keken ya ce ai zaluntarsa nake yi, ba don kwalta aka ƙera shi ba, na burji ne. Wata Asabar ya sa muka ɗaure kekunanmu a saman mota muka nausa kudu, can gaba da Tudun Wada, inda ƙasa take fara tashi.

Ɗan birni irina, wanda tudun da ya sani bai wuce Dala da Goron Dutse ba, ya shekara ashirin yana zana wa yara duwatsu da alli, ran nan ya ga na gaske ya riƙe baki. Jan burji ya miƙe tsakanin gonaki, ya shige cikin doka da kaɗanya, ya hau, ya gangara, ya tsallake rafi. Babu mai danna maka hon, babu mai leƙowa ya zage ka. Abin da kake ji kawai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashinka. Tun daga nan na kamu. Duk hutun da aka samu sai na tafi, wani lokaci da abokin nan, wani lokaci ni kaɗai, har na haddace wata hanya tawa da nake ji da ita.

Hanyar tana tashi ne daga wani ɗan ƙauye inda nake ajiye mota a gindin tsamiyar masallaci. Kullum sai na fara tambayar dattijan wurin ko daji lafiya, in sun ce lafiya sannan in shiga. Farko gonakin masara ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga nan a tsallake rafi, a ɗan yi hawa, a shiga kurmi inda rana ba ta sauka sosai. A tsakiyar kurmin akwai mararraba a gindin wani ƙaton baƙin dutse. In ka yi dama, gangara ce mai daɗi, ta bi bakin ruwa ta zagayo da kai ƙauyen cikin awa guda. In ka yi hagu kuwa, hawa ne da ba shi da tausayi, yana tafiya yana ƙara miƙewa har wasu tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, ba gida ba gona. Ni kaina sau biyu kawai na bi hagun nan, duka biyun kuma turin keke na ƙare da shi. Dama na yi niyyar kai Yaya, don Allah ya sani ban yi nufin wahalar da shi ba.

To sai na faɗi yadda muke da shi, in ba haka ba za a ce wauta ce kawai ta dame ni ran nan. Shekara takwas ya ba ni. Baba ya rasu ina firamare, Yaya ya bar karatu ya shiga kasuwa, ya tsaya a kaina har na zama abin da na zama. A gidanmu ba a shiga gabansa in ana tafiya. Ba a sa hannu a kwano kafin ya sa. In ka tambaye shi abu ya ba ka amsa, shi ke nan, ba a maimaitawa. Sunansa kuwa ba a kira. Inna ba ta taɓa faɗa ba har ta koma ga Allah, saboda ɗan fari ne. Matarsa Alhaji take ce masa, mu Yaya, 'yan kasuwa ma Alhaji. Baba kaɗai yake kiran sunan, tunda ya rasu kuma ba a sake jin sa a cikin gidan nan ba. Ba wai tsoronsa nake ji ba, mutum ne mai sauƙi, har tsokanarsa ina yi. Haka dai muka taso, jikina ya saba.

Da aka gano sugar, likita ya ɗora shi a kan ƙwayoyi, ya ce ya riƙa motsa jiki, ya kuma hana shi azumin Litinin da Alhamis da ya saba tun yana saurayi. Hajiya, matar tasa, ta tsaya kai da fata a kan wannan. Ya ce ya ji. Mu duka muka ɗauka ya ji ɗin. Motsa jikin ne ya gagara, don tafiyar Yaya ba ta wuce daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rumfa. Nan na samu ƙofa. Na aro masa keke wajen abokina, muka fara fita bayan asuba, mu je Kabuga mu dawo kafin titi ya cika. Wandon roba mai kama jiki kam ya ce ko gawarsa ba za ta sa ba. Da kaftani yake hawa, ya tattare gaban ya soke, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya ɗora hular kwano a kan hularsa ta gida. Matan lungunmu har leƙe suke yi ta soro. Amma cikin wata biyu mutumin nan ya fara barin ni a baya, tumbinsa ya ragu, Hajiya ta fara gaishe ni da fara'a.

Shi da kansa ya ce in kai shi dajin nan da nake cika masa kunne da shi. Dogon hutu ne, damina ta yi nisa, na duba na ga Alhamis ce ranar da ba ni da komai. Na ce masa Alhamis. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Allah ya kai mu. Shirun nan na gan shi da idona, ban tambaya ba.

Da asubar ranar ina fitar da kekuna Hajiya ta same ni a zaure da leda a hannu. Tsakanina da ita wasa ne, na ƙanin miji da matar wa, ba ma haɗuwa ba ta ce mini tuzurun keke ba duk da 'ya'yana shida. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta nuna mini abin da ke cikin ledar, gurasa ce da dabino da suga mai ƙwaya a ƙulle daban. Ta ce in na ga yana gumi mai sanyi, ko hannunsa yana rawa, ko ya fara magana ba kan gado, sugarsa ce ta faɗi, in ba shi zaƙi nan take kada in jira komai. Ta ce ta dama koko ya ƙi sha, wai zai karya a hanya tare da ni.

“Malam, amana na ba ka,” in ji ta. “Yadda ka fita da shi haka za ka dawo mini da shi.”

Na ce haba Hajiya, sai ka ce yaƙi za mu.

Mun yi kamar awa biyu muna tafiya na tsaya wajen wani mai shayi a bakin titi. Na ce Yaya a sauko a karya. Ya ce shi ya riga ya taɓa wani abu a gida, in je in sha nawa. To ka ji inda aka yi mu. A gida ya ce zai ci a hanya, a hanya ya ce ya ci a gida, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya taɓa wani abu ɗin, amma tun kafin alfijir. Ni da kunnena na ji Hajiya ta ce bai sha kokon ba. Sai na ce wa raina wataƙila bayan ta fito ne ya sha. Na zaɓi in yi wa kaina wannan bayanin da in sake tambayar wana. Na zagaya bayan mota na shanye shayina a tsaye, don ba zan zauna ina ci a gabansa yana kallo ba.

Muka isa ƙauyen da hantsi. Dattijai suka ce daji lafiya lau, suka bi kaftanin Yaya da kallo, shi kuma ya tsaya ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar damina. Da muka hau, ba tare da an ce komai ba ya shiga gaba na bi baya, ni da na san hanya. Na riƙa gaya masa daga baya, nan a rage gudu akwai yashi, nan a sauya giya, nan a riƙe birkin baya kada a taɓa na gaba.

Wallahi farkon tafiyar nan ban taɓa ganin Yaya haka ba. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, burjin ya kwanta ya yi tauri, ko'ina kore shar. A gangarar da ke kaiwa rafi ya saki feda, iska ta cika masa kaftani, na ji mutumin da ko a ɗaurin aure murmushi kawai yake yi yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Ya tsaya ya nuna mini ɗorawa, ya ce rabonsa da ganin mai girman wannan tun Baba yana kai shi ƙauyen kakanninmu. Birai suka tsallake hanya, ya ce ga 'yan ajinku can an tashi. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce yau na yi wa Yaya wani abu, ni da kullum shi yake yi mini.

A bakin rafi na miƙa masa gorar ruwa. Ya ce sai an jima. Bayan hawan farko na sake miƙawa, ya ɗaga hannu kawai. Ni ma sai na mayar da gorar ban sha ba. Mutum mai hankali a nan zai tsaya ya lissafa, yau wace rana ce, me ya sa dattijo mai suga ya yi awa ɗaya da rabi a kan keke bai kurɓi ruwa ba. Ni kuwa ina can ina kallon itatuwa ina jin kaina gwanin hanya.

Da muka shiga kurmi na lura maganarsa ta ragu. Bayan kaftaninsa ya jiƙe sharkaf, alhali wurin inuwa ne da sanyi. Muka doso baƙin dutse. Tun daga nesa na ce, Yaya dama za mu yi. Bai amsa ba. Ya zo mararraba ya karya kan keke ya yi hagu.

Na buga ƙararrawa. Na yi gyaran murya. Na ce a hankali, Yaya kamar dai dama ce. Ko waiwaye bai yi ba. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in taka feda sau biyar in sha gabansa in tare hanya. Ƙafata ta ƙi. Na ce ƙila so yake ya gwada ƙarfinsa, ƙila ya ji ni sarai ya ga dama ne, in ya ji hawan ya yi masa yawa ai zai juyo da kansa. Haka na bi shi. Ni mai shekara hamsin da uku, mai furfura a gemu, mai koyar da taswira, na bi mutumin da bai san inda yake ba zuwa hanyar da na san ba ta da kyau, don kada a ce na wuce wana. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

Mun yi kusan minti ashirin muna hawa. Kekensa ya fara yawo, ya yi wannan gefe ya yi wancan. Sai na ji yana magana, ba da ni ba. Wai a sauko da baƙin zaren nan na sama, wai mai shuɗin bai zo ba. Kafin in diro, tayarsa ta gaba ta shiga wata 'yar kwata da ruwa ya ci, keken ya kwanta a hankali, shi ma ya bi shi ya kwanta cikin ciyawa.

Na yar da nawa na isa kansa. Bai ji ciwo ba, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Amma fuskarsa ta yi fari fat, goshinsa sanyi ƙalau kuma gumi na tsattsafowa, hannuwansa suna kaɗawa. Duk abin da Hajiya ta lissafa mini a zaure ga shi a gabana. Na cire masa hular kwano, na jingina shi da wani marke, na zaro waya. Babu sabis ko ɗigo. Na duba sama da ƙasan hanya, ba mutum ba babur, sai kukan tsuntsaye. Mota tana can nesa, asibiti ya fi ta nisa. Na kwance ledar, na ɓare dabino na kai bakinsa.

Ya kawar da kai. Na sake kaiwa, ya datse haƙora.

“Ina azumi,” in ji shi.

Sai a lokacin komai ya haɗu a kaina, shirun da ya yi da na ce Alhamis, kokon, shayin, gorar ruwan. Ashe bai taɓa dainawa ba. Ya tashi kafin asuba ya sha ruwa ya haɗiyi ƙwayar maganin sugarsa, sannan ya zo ya hau dutse da cikin da ba komai.

Na fara lallashi. Na ce Yaya don Allah, nafila ce, ba farilla ba, ko farilla ce ma mara lafiya an ba shi dama. Na ce ka rama wata rana. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da darajar iyaye. Yana ta girgiza kai kamar yaron da za a ba maɗaci, yana cewa saura kaɗan a kira magariba, alhali ko azahar ba ta yi ba. Ya ture hannuna, dabinon ya faɗi a ƙasa. Idanunsa suka fara lumshewa, kansa yana langaɓewa gefe. Na san in ya suma ba zan iya ba shi komai ta baki ba, kuma daga nan sai abin da Allah ya yi. Na ga kaina ina tuƙa motar nan zuwa Mandawari, na ga Hajiya a bakin zaure.

Ban san lokacin da abin ya fito ba. Na riƙe kafaɗunsa biyu na girgiza shi, na kira shi da sunansa. Sunansa na yanka, shi kaɗai, ba Yaya ba Alhaji, da irin tsawar da nake daka wa ɗalibi in ya ƙure ni. Dutsen da ke gabanmu har ya maido mini da muryata.

Ya buɗe ido. Ba ni ya kalla ba, bayan kafaɗata ya kalla.

“Na'am,” ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba.

“Buɗe bakinka ka ci.”

Ya buɗe. Na sa masa ƙwayar suga, na ce tsotsa, ya tsotsa. Na ƙara wata. Na zuba sauran a gorar ruwa na girgiza, na tallafi ƙeyarsa na riƙa ba shi kaɗan kaɗan, yana haɗiya. Na bi da dabino uku. Daga nan babu abin da ya rage sai jira. Na zauna a ƙasa na riƙe wuyan hannunsa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, rabi addu'a rabi shirme. Wata tururuwa ta hau ƙafar wandonsa, na tsaya ina kallonta har ta kai gwiwa don ba na son in kalli fuskarsa.

Kamar rubu'in awa aka yi. Rawar hannun ta fara lafawa. Jini ya dawo masa fuska. Ya ja dogon numfashi, ya dubi itatuwa, ya dubi kekunan a kwance, ya dube ni, wannan karon ni ɗin sosai. Ya tambaye ni me ya kawo mu wannan uban hawa, ba na ce hanyar mai sauƙi ce ba.

Dariya ta kufce mini, hawaye na bin ta. Na kasa tsayar da ko ɗaya. Na kifa kaina a gwiwa ina ta alhamdulillahi. Ban taɓa jin sauƙi irin na lokacin ba, ko ranar da aka ce matata ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda.

Da na samu kaina na gaya masa shi ya yi hagu. Ya ce to me ya hana ni tare shi. Na ce ai shi ne a gaba. Ya ce to ni ba ni da baki ne. Nan fa raina ya ɓaci, tsoron ya juye ya zama faɗa. Na ce bakin ne ai na yi ta amfani da shi ba a ji ba, kuma wane irin mutum ne zai sha maganin suga ya ɗauki azumi ya hau keke cikin daji bai gaya wa kowa ba, so yake ya sa ni a bakin duniya, a ce na kai wana daji na dawo da hularsa? Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya bar ni na gama tas.

Sannan ya ce, shi bai yi karatu kamar ni ba, bai da wani abin kirki da zai nuna gobe. Azumin nan ne kawai abin da ya riƙe tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, tun makon da aka binne Baba, bai taɓa sakinsa ba. Da likita ya hana sai ya ji kamar an ce ya rufe rumfa. Bai faɗa ba don abu ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ba na talla ba, kuma don ya san Hajiya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Muka ci gurasar nan tare, har ya fi ni ci. Muka yi alwala da ruwan ɗaya gorar muka yi azahar a kan wani falalen dutse, a zaune ya yi tasa. Muna naɗe kaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ɗazu ya ji kamar an kira shi.

“Ni ne, Yaya. Ka yafe mini.”

Ya daɗe yana kakkaɓe ciyawa daga hularsa.

“Muryar ta yi kama da ta Baba,” ya ce.

Ba mu sake hawa ba. Turawa muka yi har baƙin dutse, muka bi ta bakin ruwa a hankali, ina riƙe da kekuna biyu a wuraren da hanya ta yi santsi. Duk bayan 'yan mintuna sai na tsaya na miƙa masa dabino, yana karɓa ba musu. A garin farko da muka samu na tsaya a wani kemis aka gwada shi, mai kemis ɗin ya ce ta dawo daidai, amma gobe lallai a kai shi wajen likitansa. A mota barci ya kwashe shi, baki buɗe. Rabin hankalina yana kan titi, rabi yana kan ƙirjinsa, ina ganin yana ɗagawa yana sauka. Ban taɓa sanin munsharin mutum zai yi mini daɗi ba sai ran nan.

Muka shigo gari rana ta yi ja, ana shirin magariba. Na ajiye mota a bakin lungu don ba ta shiga, muka taka. Da ƙafarsa ya taka, yana amsa gaisuwar maƙwabta, wani har yana tambayarsa ya daji, yana cewa daji sai godiya. A zaure ya tsaya ya riƙo hannun rigata. Ya ce abin da ya faru ya tsaya tsakaninmu, ba sai Hajiya ta ji ba, hankalinta ne kawai zai tashi.

Da jiya ne da na ce to. Na dube shi na ce a'a. Na ce ita ta ba ni amana, kuma Litinin tana nan tafe, ni ba na rumfa, ba na ɗakinsa. In bai faɗa ba zan faɗa.

Ya tsaya yana kallona, ni ma ban sunkuyar da kai ba. Can ya saki rigar.

“To. Ni zan faɗa da bakina.”

Ya yi sallama ya shiga. Na zauna a kan dakalin zaure, takalmana duk jan laka. Na ji ta amsa da murna, na ji ƙarar kwano, sai muryarsa ƙasa ƙasa, sai shiru. Daga nan muryar Hajiya ta tashi. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, tana faɗa tana kuka, tana kiran Alhaji, Alhaji, shi kuma ina jin yana cewa to, na ji, to, ki yi haƙuri, na daina. Na jingina kaina da bango na rufe ido. Ana kiran salla a masallacin unguwa ban iya tashi ba tukuna, ina zaune ina sauraron ana yi wa wana faɗa, yana da rai yana amsawa.